Ranar da Aka Sauke Jeren Adjara

Akwai wani shiri da ake nunawa a talabijin ran Lahadi bayan la'asar, wanda Adjara ba ta yarda ya wuce ta, ko da tuwo na kan wuta. Shiri ne na mutanen da suka ɗora wa kansu tara wani abu. Wani murafen kwalba yake tarawa, wani 'yartsana, wata kuwa tsofaffin takalman 'yan ƙwallo har da warinsu. Mai gabatarwa zai shiga gidan mutum yana zaro ido, a saki wani kiɗa na shaƙiyanci, a nuna mai gidan yana shafa kayansa, sai a wuce na gaba. Ita Adjara ba dariya ke zaunar da ita ba. Tun da ta baro Zangon Kumasi da goyo ta sauka a unguwar Morris Heights a ƙasar Turawa, ba halin mutanen ƙasar nan da ya ɗaure mata kai kamar wannan. Tambaya ɗaya take jira a yi, kullum kuma sai shirin ya ƙare ba a yi ta ba.

"To don wa yake tarawa?" takan tambayi akwatin talabijin, ta tsuke baki.

Ita dai ta san don wa take tara nata. Bangon falonta tun daga ƙasa har rufi jere ne: kwalla, fanteka, langa, samira, masu furen ja da masu furen shuɗi, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Wasu na mahaifiyarta ne, sun hayo teku naɗe cikin zannuwa. Wasu ta saye su a hannun 'yan Nijar na 125th Street tun lokacin da tebura suka cika bakin titin. Ba a taɓa cin ko loma ɗaya a cikinsu ba. Kowace Juma'a sai ta hau kujera ta goge su a inda suke, ɗaya bayan ɗaya. Na Shamsiya ne, 'yarta tilo, na ranar da za a kai ta ɗakinta.

Ranar kuwa ta zo ta wuce. Bayan ƙaramar sallar shekarar 1996 aka ɗaura auren Shamsiya da Jamal, abokin aikinta a asibiti, suka tare a unguwar Stapleton, can ƙetaren ruwa. Da aka zo maganar jere, yarinyar ta dafa kafaɗar uwar ta ce da Turanci, don ita Hausa a kunne take jin ta ba a baki ba, "Mma, ɗaki ɗaya ne da falo. Ina zan sa su? Ki riƙe abinki, sun fi kyau a nan."

Abin ya ci Adjara ƙwarai. Matan gidan benen, waɗanda da ba sa zama sai sun yaba jeren, suka koma shigowa suna kallon ƙasa. Wannan kawar da idon ya fi mata ciwo a kan a fito a yi magana.

Shamsiya ce ta kira masu shirin. Ita a ganinta gyara take yi: a ƙasar nan mai irin wannan kaya sunansa gwanin tarawa, har talabijin ake sa shi, to bari a sa uwarta ta ji daɗi. Adjara ta yarda, ba don jin daɗin ba. So take ta ga yadda ake yi mutum ya shiga akwatin nan, kuma ga dama ta samu ta yi tambayarta ga masu ita.

Suka zo da hantsi ran Asabar, bayan maigidanta Gafaru ya fita da tasi. Su uku ne: shugabarsu, wata doguwar Baturiya mai gajeren gashi, sai mai kyamara, sai mai gabatarwar da kansa, wanda a fili bai kai tsawon da yake da shi a talabijin ba. Adjara ta zuba musu wake da shinkafa, suka yi godiya, ba wanda ya taɓa. Mai gabatarwa ya ƙare wa bangon kallo, ya sha ruwa, ya gyara gashinsa. Sannan ya fita waje, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo, ya dafe ƙirji kamar yanzu ya fara ganin kwano a duniya. Baturiyar ta ce bai yi ba, ya sake. Ya fita ya sake shigowa ya sake dafe ƙirji. Adjara ta bi shi da ido, baki sake. Ashe mamakin ma shirya shi ake yi.

Aka zaunar da ita, aka fara tambayoyi, Shamsiya na tafinta duk inda Turancin ya yi gudu. Nawa ne yawansu? Ba ta taɓa ƙirgawa ba. Tana yi musu magana in ba kowa? Ta dubi mutumin ta ga da gaske yake, ta ce a'a, lafiyarta ƙalau. Mijinta ba ya ƙorafi? Ai shi ya kafa katakon. Ko za ta rungumi ɗaya don kyamara? Ta ɗauki langa ta riƙe yadda ake riƙe langa.

Da aka tsaya sauya kaset, ta jawo hannun Baturiyar ta yi tambayarta da Turancinta na kasuwa: mutanen nan da kuke nunawa, don wa suke tarawa? Matar ta yi dariya, ba ta mugunta ba, ta ce gaskiya ba su taɓa tambaya ba, masu kallo ba wannan suke son ji ba. Ta juya ga bangon tana karkata kai. Ta ce jeren ya cika tsari, kamar kanti, kuma ƙyallinsa na dawo wa kyamara da haske. So take a sauke duka a baza a ƙasa, Adjara ta zauna a tsakiya, a ɗauke ta daga sama.

Shamsiya ta maimaita wannan wa uwarta kamar an ce a matsar da kujera. Adjara ta dubi bangon. A inda ta fito, abu uku ke sauke jere: a kai amarya, ko aure ya mutu, ko mai jeren ta mutu. Ta buɗe baki za ta ce ba za a yi ba, sai ta ga Shamsiya ta riga ta hau kujerar Juma'a, ta miƙa hannu biyu ta ɗauko samirar sama a hankali. Rabon yarinyar da taɓa kwanukan nan tun tana ƙarama ana buge mata hannu. Adjara ta rufe bakinta ta ci gaba da kallo.

Kafin a jima falo ya cika. Aka zaunar da ita a tsakiya, mai kyamara ya hau tebur. Da filin falon ya ƙare, Shamsiya da mai gabatarwa suka riƙa fitar da manyan kwalla suna jerawa a barandar da ke tsakanin ƙofofin maƙwabta.

A nan Hajiya Ladi ta same su, tsohuwar da ƙofarta ke kallon ta Adjara, tana haurowa da kwandon wanki. Ta tsaya cak. Ta ga Gafaru da safe yana fita da fara'arsa, ba alamar mai saki. Ga muryar Adjara tana jiyowa daga ciki, ba a mutu ba ke nan. Ta leƙa, ta ga Shamsiya rungume da fanteka. Sai ta yar da kwandon, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗar da sai da mai kyamara ya kusa faɗowa daga tebur.

Ƙofofi suka fara buɗewa, sama da ƙasa. Mata suka fito, wata da ludayi a hannu, wata tana ɗaura ɗankwali a guje. Ba wadda ta tambayi komai, don abin da suka gani ya ishe su. Suka naɗe tawul suka yi gammo, kowace ta zuba ƙananan kwanuka cikin babba ta aza a ka. Guɗa ta karɓi guɗa. Baturiyar ta yi ta yi wa mai kyamara alama da hannu kada ya tsaya, idonta har ƙyalli yake. Ta tambayi Shamsiya ko wannan wata ibada ce da ake yi wa kwanuka.

Shamsiya ba ta sani ba. Ta juya wajen uwarta, amma Hajiya Ladi ta riga ta kama hannunta, tana magana da Hausar Zango wadda ke ce wa kowa "kai", mace ko namiji.

"Allah ya yi maka albarka, ɗiyana. Yau ka share hawayen uwanka. Tun bikin nan ba mu iya kallon bangon nan koraa, ko kaɗan. Mun ce yaro ne, zai tuna. Ga shi da hannunka ka sauke."

"Hajiya, for the TV ne kawai," in ji Shamsiya, amma guɗa ta haɗiye maganar.

"Ei, ai dole a sa a TV!" in ji tsohuwar. "Jere ba ya sauka banza. Ko amarya, ko saki, ko gawa. Alhamdulillahi namu na amarya ne."

Adjara na zaune a ƙasa cikin sauran kwanukan, ta ga maganar ta shiga 'yarta. Ta ga yarinyar ta dubi matan da ke tsaye da kaya a ka suna jira, ta dubi bangon da ya zama katako tsirara, da zoben da gindin kowane kwano ya bari a kansa. Tausayin 'yar ya kama ta, ya fi kunyar da ke jiran ta in matan nan suka sauke kayan suka koma ɗakunansu shiru. Ba tarko ta haɗa ba, kuma ba ta so a ce da tarko aka karɓi kayanta. Ta yunƙura ta miƙe.

"Hajiya, ku sauke. Ba haka ba ne. Mutanen nan ne suka ce..."

Mai gabatarwa ya katse ta, ya tura wa Shamsiya makirufo a baki yana tambaya cikin zumuɗi, ina za a kai su? Shamsiya ba ta ko dube shi ba. Ta cire mayafinta ta murɗa shi, gammon ya fito a karkace, ta sunkuya ta ɗauki kwallar kakarta mai furen ja ta aza a ka. Kwallar ta yi rawa, ta tallafe ta da hannu. Sannan ta yi magana da Hausa, kalma ɗaya ɗaya kamar mai taka ƙanƙara.

"Stapleton. Da nisa. Akwai jirgin ruwa. Mu je, Mma."

Haka aka sauko daga bene, aka bi titi a jere, masu shaguna na leƙowa. Masu talabijin sun raka su har bakin tashar jirgin ƙasa mai lamba huɗu, a nan suka tsaya, wai suna da alkawari da wani mai tara agogo. Don haka ba su ga yadda mata suka cika tarago da kwanuka a cinya ba, ba su ga Hajiya Ladi na koya wa wani ɗan sanda guɗa a jirgin ruwa ba, ba su kuma ga fuskar Jamal da ya buɗe ƙofa ba. Adjara ta yi kuka a jirgin ruwan, ta ce iska ce.

Bayan 'yan makonni aka nuna shirin. A Stapleton suka kalla, a falon da jere ya cinye bango guda har sai da aka fitar da doguwar kujera. Aka saki kiɗan shaƙiyancin nan. Ga mai gabatarwa ya dafe ƙirji. Ga Adjara daga sama, a tsakiyar kwanuka kamar kaza a kan ƙwai. Inda ta ce lafiyarta ƙalau an bar shi, an yanke tambayar da ta jawo amsar, aka sa dariya a kai. Sai muryar mutumin ta yi laushi, ya ce bayan shekaru tana fama da wannan ɗabi'a, 'yarta da maƙwabta sun taru sun taimake ta ta rabu da kayan, har suna ihun murna. Aka nuna mata na fita da kaya a ka, aka rufe da bangon da ba komai.

Shamsiya ta miƙe. Ta ce ƙarya ce, sun mai da uwarta mahaukaciya, ita da kanta ce ta jawo, kuma gobe da safe sai ta kira su sun ji daga bakinta.

"Zauna, kana tare mini," in ji Adjara da Hausarta ta Zango, tana leƙe ta gefenta.

An riga an wuce na gaba. Wani tsohon Bature ne a ɗakin ƙasa, ya tara jiragen ƙasa na wasan yara, kowane a kwalinsa ba a taɓa buɗewa ba, manya a ƙasa, ƙanana a sama, ba ƙura ko kaɗan. Mai gabatarwa ya dafe ƙirji. Tsohon ya fara wata magana a hankali, ya ɗaga hannu zai nuna wani abu a gefe, sai kiɗa ya hau kansa, hoton ya yi tsalle, aka nuno shi rungume da kwali. Da can Adjara ba ta lura da irin wannan tsallen. Yanzu ta san akwai abin da aka cire a wurin.

Ta daɗe tana kallon tsohon, har sunaye suka fara hawa a kan fuskarsa. Sannan ta taɓa hannun 'yarta.

"In ka kira su gobe, bar maganana. Ka tambaye su ko tsohon nan yana da ɗa."