Gaisuwa a Mafitsarar Saniyata

Jiya da dare na yi wani mafarki, wallahi har yanzu hamdala nake yi. Kwana huɗu ke nan saniyata Kyauta ba ta fitsari sai ɗigo-ɗigo, ja kamar zoɓo. Likitan dabbobi ya yi mata allura, ya ce ƙwayoyin cuta ne suka manne a mafitsararta, in suka haura ƙoda sai dai haƙuri. Ita kaɗai gare ni, ga ciki wata bakwai.

To, sai ga ni a wani ofis. Wata akuya mai tabarau tana bayan tebur, tana taunar takardun da aka kawo mata ta sa hannu.

"Baba, ina zuwa?"

"Mafitsara."

"Cire takalmi, ka bi hagu. Kada ka jingina da ƙoda, an yi mata fenti."

Ashe mafitsara gari guda ce. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana zuba sama, kowa ya taka lemarsa. Ganuwar garin kuwa ba tubali ba ne, 'yan mutane ne jere kafaɗa da kafaɗa, ƙwayoyin jikin Kyauta ke nan. Gaban kowanne akwai baƙo, wato ƙwayar cutar nan, kamar ƙwayar shinkafa, jikinsa duk gashi, kowane gashi da ɗan hannu a ƙarshensa. Ya damƙe hannun mai gida yana gaisuwa.

"Ina gajiya? Ya iyali? Ya iyalin maƙwabta? Ya gajiyar bara?"

Na matsa kusa da wani mai gida da hannunsa ya kumbura sumtum. Na ce, "Kai, me ya hana ka janye hannunka?"

"Haba Baba! Bai gama gaisuwar ba."

Akuyar nan ta leƙo ta taga ta ce ambaliya na tafe. Ruwa ya zo ya wuce, ko baƙo ɗaya bai ɗauka ba, suna riƙe gam. Wani ma yana cikin gaisuwa ya rabu biyu, rabin ya kama hannun na kusa. Raina ya ɓaci. Na ce yau ladabi zai kashe mini saniya.

Sai na yi gyaran murya, na shafa furfurata. "Iye! Dattijo a tsaye, ba wanda ya kula shi? Wa ya rene ku?"

Kunya ta kama baƙin. Babbansu ya miƙo mini hannu guda, sauran hannuwansa suna maƙale a ganuwa.

"Hannu ɗaya? Ni sa'anka ne?"

Nan da nan ya saki komai, ya durƙusa, ya kama ni da hannuwansa duka. Sauran suka biyo sahu, har gwiwar hannuna sai da aka gaisa da ita. Masu gida suka yi ta yarfe yatsu.

Akuyar ta ce, "Baba, ga ambaliya ta biyu nan. In ka riƙe su, har da kai za ta kwasa."

"Ta kwasa."

Na shiga tambayarsu lafiyar kakanninsu ɗaya bayan ɗaya. Ina kan na bakwai ruwa ya ɗauke mu.

Shaaa! Na buɗe ido, gari ya waye, ƙarar tana tsakar gida. Na fita ba takalmi. Kyauta ce tsaye tana tsula fitsari, mai yawa, babu ja a ciki. Na ɗaga hannu sama, ban san hawaye na zuba ba.

Matata Delu ta ajiye tsintsiya. "Malam, fitsarin saniya kake yi wa kuka?"

Na ce, "Yi shiru in ji, Delu. Bai ƙare ba."