Ranar da Milutin Ya Zauna a Kan Hannuwansa

Milutin ya daɗe yana aikin sabis a wata kafana, wato ɗan gidan abinci, da ke bayan kasuwar garin Cacak, yana kai wa mutane gasasshen nama da gahawa, har ta kai in cokali ya zame daga tebur a can ƙurya, kafin ya taɓa ƙasa yana hannunsa. Ba tunani yake yi ba, hannun ne ke tafiya da kansa. Ko a gida, matarsa Biserka ta sha faɗa wa maƙwabta cewa tun da ta aure shi ba ta taɓa shanye miya cikin natsuwa ba. Da ta ajiye cokali don ta ɗan numfasa, kwanon ya tafi wanki.

To, mai kafanar ya rasu, 'ya'yansa suka mai da wurin shagon sayar da waya. Milutin kuwa furfura ta riga ta fara leƙowa. Ya yi ta neman wurin da za a ɗauke shi, ko'ina yara ake so masu gudu. Daga ƙarshe ya shiga makarantar da ake koyar da mataimakan masu farfaɗo da marasa lafiya, irin waɗanda ke koya wa wanda ɓarin jikinsa ya shanye yadda zai sake saka riga da kansa, ya riƙe cokali, ya taje kansa, ya koma kicin ɗinsa. Karatun aji bai ba shi wuya ba. Da aka tura shi asibitin da ke bakin kogi don ya koyi aikin a hannu, nan ne aka ga ta kansa.

Wadda aka damƙa shi a hannunta sunanta Gordana, ta kusa zama sa'ar 'yarsa, siririya mai saurin magana. Shi yana ce mata Shugaba, ita tana ce masa Kawu Milutin, kuma tun makon farko ta gane ciwonsa.

Akwai wata tsohuwa a ɗakin mata, Teta Zorka, wato Goggo Zorka, wadda hannunta na dama ya yi rauni bayan ta faɗi a lambunta. Baki dai bai shanye ba, ko kaɗan. Wata safiya Gordana ta bar ta da Milutin don ta gwada saka maɓallan rigar sanyinta. Ta fita ta dawo, sai ta tarar maɓallai duk sun shiga ramukansu reras, an gyara wuyan riga, an ma taje wa tsohuwa kai, tana zaune tana murmushi kamar amarya.

"Wa ya saka?" in ji Gordana.

"Ita ce ta fara," in ji Milutin.

"Ni na kalli na farko," in ji Teta Zorka. "Yaron nan zinari ne. Ku bar mini shi, ku riƙe sauran."

Gordana ta ja shi baranda. "Kawu Milutin, nan ba kafana ba ce. Kowane maɓalli da ka saka mata, ka ƙwace mata shi ne. Ka gane?"

Ya gane sarai. Kai ya gane, hannu ne bai je makaranta ba. In ta miƙa hannu za ta ɗauki kofin ruwa, kofin ya riga ya zo bakinta. In aka kai ta ɗan kicin ɗin asibiti don ta gwada dafa gahawa, sai ta naɗe hannu ta ce ita ba ta dafa wa bango gahawa, kafin ka ce me, Milutin ya ɗora ruwa. Haka aka yi ta yi har aka sallame ta ta koma gida, shi kuma zangon koyonsa ya zo ƙarshe.

Gordana ba ta ɓoye masa ba. Ta ce ran Alhamis za su je gidan Teta Zorka su ga ko tana iya dafa gahawa ta kawo tebur da kanta, kuma shi zai jagoranci aikin. "In ta yi da hannunta, ka wuce, akwai gurbin mataimaki a nan kuma na faɗi sunanka. In ka taɓa ko da cokali ne, ba zan iya cewa ka iya ba. Ina son ka, marasa lafiya suna son ka, amma ba zan iya ba."

Da ya ba Biserka labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. "In ɗaure maka hannuwan da igiyar shanya?" Amma da ta ga bai taɓa waken da ta zuba masa ba, sai ta daina. Ta san ba shi da wata ƙofa bayan wannan, kuma ta san yana son aikin fiye da yadda ya taɓa son kafana.

Ran Alhamis da hantsi suka hau benen da Teta Zorka take zaune. Ta buɗe musu, ta ja ƙafa ta koma kujerarta ta bakin taga, ta rufe gwiwa da bargo.

"Yauwa, ɗana, Allah ne ya kawo ka. Ka ga tukunyar gahawa can a rataye. Sukari yana cikin jan gwangwanin nan. Ni mai ɗan zaƙi nake sha, ka sani."

"Teta, yau ke za ki dafa."

"Ni? Da wannan?" Ta ɗaga hannun ta sake shi ya faɗa kan bargo. "Ga ka nan da hannu biyu lafiyayyu kamar shebur. Tun da na dawo maƙwabciyata ke kawo mini. Je ka, je ka, kada ruwa ya ƙone."

Milutin ya roƙe ta. Ya yi mata bayanin da aka koya musu a aji, cewa hannu sai da aiki yake farkawa. Ta ce hannunta ya yi aikin da ya ishe shi tun kafin a haife shi. Gordana tana jingine da ƙofar kicin, kallon agogon bango kawai take yi. Shi kuwa sai ya ji ƙafafunsa suna son ɗaukarsa zuwa wurin tukunyar nan. Ya ga abin da ya shuka da hannunsa: matar nan ba ta ɗauke shi a komai ba sai mai yi mata hidima, shi ya koya mata hakan.

Sai ya tsaya cak. Ya ce, "Shugaba, ki ba ni ɗan lokaci." Ya cire farar rigar aikinsa, ya ninke ta ya ba Gordana, ya fita.

"Ya yi fushi ne?" in ji Teta Zorka.

"Ban sani ba," in ji Gordana, kuma gaskiya ta faɗa.

Can sai aka ji ƙararrawar ƙofa. Tsohuwa ta yi tsaki, ta miƙe da sanda, ta je ta buɗe. Milutin ne tsaye, ya shafa ruwa a gashi ya kwantar da shi, hannu ɗaya riƙe da ƙunshin garin gahawa, ɗayan da kwalin sukari mai iyali, waɗanda ya sayo a ɗan shagon da ke ƙasan bene.

"Ina kwana, Teta Zorka. Na zo wucewa ne na ce bari in leƙo in gaishe ki. Ga wannan, ba yawa."

Ta kalli ƙunshin, ta kalle shi. Kowa ya san abin da ke nan. Wanda ya buga ƙofarka da gahawa a hannu baƙo ne, kuma baƙon da ya tako gidanka karon farko ba ya zama haka nan baki bushe. Sai an kawo masa slatko, wato 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari, da ruwan sanyi a kan tire, a bi shi da gahawa, kuma uwar gida ce ke kawowa da hannunta. Macen da ta bar baƙo ya shiga mata kicin ya dafa wa kansa, har jikokinta sai an yi musu gori.

"Kai ɗan banza ne," in ji Teta Zorka a hankali. "Uwarka ta san haka kake?"

"Ita ta koya mini."

"Shigo. Cire takalmi. Zauna can." Ta juya ga Gordana. "Ke kuma da kika zo hannu rabbana, matsa mini daga ƙofa."

Gordana ta matsa, amma ba ta yi nisa ba, ta tsaya ta ɓangaren hannun mai rauni. Milutin ya zauna a tebur, inda yake hango kicin ɗin gaba ɗaya. Sai a lokacin ya gane tarkon da ya ɗana ya kama har da shi, don baƙo ma ba ya tashi. Ya ɗaga cinya ɗaya ya tura hannu ƙarƙashi, ya ɗaga ɗayar ya tura ɗayan, ya danne su da duk nauyinsa.

Abin da ya fara ba ta wuya kwalbar slatko ce, na ɓawon kankana da ta dafa da sukari bara. Murfin ya kafe. Ta murɗa da hagu, kwalbar ta juya tare da murfin. Ta sa dama ta riƙe, yatsun suka zame. Milutin ya ƙara danne hannuwansa. Shi da zai buɗe ta da yatsa biyu yana kallon wani wuri!

"Wata tsohuwar mai dafa mana abinci a kafana," ya ce, yana kallon rufin ɗaki, "in murfi ya ƙi ta, zama take yi ta matse kwalbar tsakanin gwiwoyinta, ta yafa tsumma mai laima a kai."

"Wa ya tambaye ka?"

"Hira ce kawai, Teta."

Ta yi gunaguni, ta ja kujera ta zauna, ta matse kwalbar, ta jiƙa tsumma. Ta murɗa, ta huta, ta zagi wanda ya ƙera murfin da danginsa kaf, ta sake murɗawa. Sai ga ƙara, fat! Ta ɗaga kai ta kalli Gordana kamar wadda ta kayar da sa.

Ta ɗora ruwa. Garin gahawa cokali na farko rabinsa a kan murhu ya zube, na biyu ya shiga. Ta juya da hagu, dama tana riƙe da dogon hannun tukunyar tana rawa. Kumfa ta fara tasowa, Milutin ya san daidai lokacin da ya kamata a sauke, lokacin ya zo, ya kusa wucewa, ya buɗe baki ya rufe. Ta sauke da kanta, kumfar ta ɗan malalo gefe.

"Ni fa rabin finjali nake sha," ya ce. "Likita ya hana ni cikakke."

"Wane likita? Ƙarya a gidana?" Amma rabi ta zuba.

Ta fara kawo slatko da ruwa. Ya zaro hannu ɗaya, ya sha cokali guda kamar yadda ake yi, ya kora da ruwa, ya yaba, ya mai da hannun maɓoyarsa. Sannan ta koma ta ɗauko tiren gahawa. Daga kicin zuwa tebur ba wani nisa ba ne, amma finjalin yana ta kaɗawa a kan ɗan farantinsa, kyar-kyar-kyar, idonta kuma a kan finjalin yake, kuma duk kallon da ta yi masa sai ya ƙara rawa.

"Teta, wannan hoton da ke bayana, ke ce a ciki? Wannan mai kitso har gadon baya?"

Ta ɗaga ido. "Ni ce mana. Da wa kake zato? Samarin Cacak har faɗa suka yi..." Ta taho tana ba da labarin wani mai gyaran keke da ya sha mari saboda ita, tire ya daina ƙara. Sai da ta iso bakin tebur ne hannun ya gaji. Tiren ya karkata, ɗan cokalin ya sulale, gahawa ta fallatsa a gwiwar wandon Milutin. Da zafinta kuwa. Ya cije leɓe, kafaɗunsa suka zabura, amma hannuwan suna nan inda ya binne su. Ƙafarsa ce kawai ta yi wuf ta tare cokalin kafin ya kai ƙasa, ya tsaya a kan safarsa.

Teta Zorka ta dire tiren. A finjali akwai sauran abin da za a kurɓa sau biyu ko uku.

"Kada ka motsa," ta ce. Ta koma ta ɗauko tsumma, ta goge tebur, da hannun dama ta goge, ba ta ma lura ba. Sannan ta zauna tana haki, fuskarta ta yi ja, ta zuba masa ido har ya kurɓa.

"Yaya?"

"Na sha gahawa a hannun mutane da yawa, Teta. Wannan ta yi."

"Ta yi ruwa-ruwa," ta ce. "Gobe za ta fi." Ta waiwaya. "Ke, 'yar nan, zo ki zauna, kin tsaya mini a ka kamar 'yar sanda. Akwai saura a tukunya. Zan kawo miki, ko da yake ba ki cancanta ba."

Da suka fito, Gordana ta shige gaba, suka sauko hawa ɗaya. Milutin yana biye da ita, yatsunsa duk sun yi sanyi sun mutu, yana ta yarfe su.

"Na ga ƙafarka," ta ce.

"Shugaba, hannu kika ce. Ba a yi maganar ƙafa ba."

Ta miƙa masa farar rigarsa, tana ƙoƙarin haɗiye dariya. "Ran Litinin ka zo da wuri, a nuna maka inda za ka riƙa ajiye kayanka. Akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa da aka kawo jiya, ya rantse ba zai sake aske gemunsa da kansa ba. Naka ne."

Milutin ya rungume rigar a ƙirjinsa, ya bi ta suka ƙarasa sauka. Suna fita titi sai suka ji an buɗe taga a sama.

"Kai, Milutin! Ran Lahadi ka kawo mini matarka in ga wadda ta iya zama da kai. Kuma kada ka sake sayen gahawa a shagon nan na ƙasa, rabinta sha'ir ne!"