Matakalar Majalisa

Ranar da aka kira Auta ganawar neman aiki a majalisar dokoki, su goma sha huɗu ne jere a kan benci, gurbin kuwa ɗaya ne tal: mai kula da shafukan majalisa na intanet. Kowa ya zo da jaka cike da takardun shaida. Ita ban da takardar digirinta ba ta riƙe komai ba sai wayar da Yayanta ya haɗa mata daga matattun wayoyi uku. Gyaran waya ce sana'arsa. A kan keken guragu yake tun da shan-inna ta taɓa shi yana ƙarami, kuma a gefen teburinsa Auta ta koyi ɗaukar bidiyo da yanka shi.

Shugabar sashen yaɗa labarai ce ta yi musu jarrabawa. Mace ce doguwa marar yawan dariya, wadda ma'aikata ke kira Jan Biro a bayan idonta, saboda takarda ba ta fita daga hannunta ba tare da ta sha ja ba. Ta raba musu jawabin wani ɗan majalisa mai shafi biyu, ta ce a mayar da shi layi uku yadda kakar mutum za ta gane. Sauran suka yi ta zuba manyan kalmomi. Auta ta tuna da Innarsu, wadda ba ta haƙuri da dogon zance, ta rubuta nata a layi biyu da rabi. Bayan mako guda aka kira ta: gwaji na wata uku, in ta yi kyau a tabbatar da ita.

Ta kama aiki ba kama hannun yaro. Ta koyi cewa in za a saka hoton 'yan kwamiti sai kowa ya fito, domin wanda aka yanke wa ko da hannun riga ne zai bugo waya kafin a tashi aiki. Ta koyi zama a lungun zaure da kwamfuta a cinya, tana bugawa ana muhawara. Jan Biro ba ta taɓa cewa madalla ba, amma jan yana raguwa, kuma a ofishin nan wannan shi ne yabo.

Saura kwana tara gwajinta ya cika aka kawo ƙudirin da ta daɗe tana jira, wanda zai tilasta wa gine-ginen gwamnati yin hanyar keken guragu. Ta sha ganin ana ciccibar Yaya kamar buhu a ƙofar ofisoshi, yana murmushin da ita kaɗai ta san na dole ne. Da aka gama muhawara, kakakin majalisa ya tambayi masu goyon baya, zaure ya amsa, ya buga guduma. Murna ta riga hankalin Auta isa yatsunta. Nan take ta wallafa cewa majalisa ta zartar da dokar.

Minti arba'in ba su cika ba mutane sama da dubu biyu suka yaɗa. Sai ga Yaya ya bugo.

"Auta, na gani! Na tura wa duk 'yan ƙungiyarmu. Ashe da rabon mu ga wannan rana."

Ba ta ajiye wayar ba aka ce shugaba na nemanta.

"Karatu na nawa aka yi wa ƙudirin yau?" Jan Biro ta tambaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Auta ta san amsar sarai, ita ce ma ta buga jadawalin da safe.

"Na biyu, ranki ya daɗe."

"To wa ya zartar miki da doka? Akwai jin ra'ayin jama'a a kwamiti, akwai karatu na uku, akwai sa hannu. Je ki goge. Gobe wani labari zai rufe shi."

Haka aka saba yi, kuma ita ce hanyar da za ta fi tsare mata aiki. Ta juya har ta kama ƙofa, sai muryar Yaya ta dawo mata.

"Ranki ya daɗe, in na goge shiru, waɗanda suka gani za su zauna a kan an gama. Ranar jin ra'ayi ba wanda zai zo. Ki bar ni in fito in ce ni na yi kuskure, in nuna musu inda ƙudirin yake."

Sai yanzu Jan Biro ta dube ta.

"Kin san babban akawun majalisa zai gani? Shi zai sa hannu a takardarki, kuma mutum ne da ba ya manta kuskure."

"Na sani."

"Bidiyon minti ɗaya kawai. Kuma sai na gani kafin ya fita."

A ƙofar majalisa akwai matakala mai hawa biyar, wadda Auta ke takawa kullum ba ta taɓa ƙirgawa ba sai ranar. Ta miƙa wa dattijon mai gadi wayarta, ta roƙe shi ya riƙe da hannu biyu. Ta tsaya a hawa na biyu, ta ce ita ce ta rubuta cewa an zartar da doka, kuma ba haka ba ne. Ta nuna inda take tsaye ta ce nan ƙudirin yake. Sannan ta riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunan kowane mataki. A na uku ta dakata, ta ce wannan na jama'a ne, ranar Laraba mai zuwa, kuma duk wanda ya zo za a saurare shi. Jan Biro ta kalla sau biyu, ta gyara kalma ɗaya a rubutun ƙasa, ta ce a saka.

Da yamma ta tarar da Yaya a teburinsa yana hura wa wata waya iska. Kunya ta hana ta haɗa ido da shi.

"'Yar jarida, an dawo?" in ji shi. "Kin sa na yi alƙawarin shayi ga mutum ashirin a banza."

"Ka yafe mini, Yaya."

Ta ga abin ya yi masa ciwo fiye da yadda yake nunawa. Can ya ce, "Wancan hawa na ukun, da gaske kowa zai iya magana? Har irinmu?"

"Har ku. Don ku ma aka yi shi."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi mata daɗi ba. Wasu a shafi suka ce a kori wadda ba ta san aikinta ba. Babban akawu ya wuce ta a baranda, ta gaishe shi, ya amsa da ka. Bidiyon dai ya ci gaba da yawo, har ya fi kuskuren nisa.

Ranar Laraba da hantsi Auta ta leƙo ta taga. Kekunan guragu sun fi talatin a filin gaban majalisa, ga masu sanduna, ga iyaye mata, Yaya a sahun gaba da rigarsa mai guga. Dukkansu sun yi cirko-cirko a gindin matakalar, domin ɗakin taron yana sama. Masu gadi suka nannaɗe hannun riga za su fara ciccibar mutane. Yaya ya ɗaga hannu ya ce a'a, yau kam ba za a ɗauke shi ba.

Shugaban kwamiti ya fito ya tsaya a hawa na biyar. Ya dubi jama'a, ya dubi matakalar, kunya ta kama shi a fili. Ya ce a sauko da tebura da kujeru, a nan ƙasa za a yi zaman. Auta ta kafa wayarta ta haska taron kai tsaye, tana share ido da bayan hannu lokacin da Yaya ya karɓi makirufo ya ce shekararsa talatin da huɗu, yau ne karon farko da wani ofishi ya sauko wurinsa.

Da aka tashi, Jan Biro ta same ta tana naɗe waya, ta miƙa mata ambulan.

"Babban akawu ya ce kuskure ɗaya ya gani, gyara ɗaya ya gani. Kada ki ƙara na farkon."

Takardar tabbatar da aiki ce, fara tas, babu ja ko ɗigo. Auta ta ruga ta ɗora ta a cinyar Yaya. Ya karanta a hankali har ƙarshe, baki har kunne, ya ninke ta ya mayar mata. Sannan ya nuna matakalar da haɓa.

"To, ma'aikaciya, koma bakin aikinki," ya ce. "Saura hawa biyu, kuma wannan karon sai kin ƙirga kafin ki bugo mini."