Salansar Motar Kolo

Kolo direba ne a Gafasa. Yana da tsohuwar a-kori-kura mai injin V, silinda huɗu a dama, huɗu a hagu. Tun yana saurayi ya sa aka raba mata bututun hayaƙi gida biyu, kowane ɓangaren inji da nasa. Ƙararta ta zama wata irin gurnani mai kauri, tun daga bayan gari ake gane ta.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar matarsa Bilki da ƙaramar 'yarsu Afra'u. Ƙanensa Abdulmumin ya ci gaba da jan motar, yana kai buhunan gero kasuwar Gaya.

Duk yammacin da motar ta shigo gari, Afra'u sai ta yar da abin da ke hannunta ta ruga zaure tana cewa Abba ya dawo. Bilki kuma, da ta san gaskiya, sai ta tsinci kanta ta miƙe tana gyara ɗankwali.

Wata rana ta tare shi daga bayan ƙofa.

"Abdulmumin, don Allah ka canza wa motar nan murya."

"Yaya Bilki, ai marigayi ne ya sa aka yi mata haka."

"Na sani. Kullum ka shigo sai ya sake mutuwa a gidan nan."

Washegari ya kai motar wurin Maiwada mai walda a Gaya. Maiwada ya shiga ƙarƙashi, ya daɗe yana shafa ɗinkin ƙarfen, don shi ya yi wa Kolo aikin tun farko. Sannan ya yanke bututun biyu, ya haɗe su wuri guda, ya ɗaura babbar salansa mai danne ƙara. Da aka tayar da injin, ko tsakar garejin ba ta cika da ƙara ba.

Da yamma Abdulmumin ya faka a ƙofar gida, ba wanda ya fito. Afra'u ta ci gaba da zama a zaure kwana da kwanaki tana kasa kunne. Daga baya ta daina. Ta daina cin abinci sosai, ta daina ambaton Abba. Bilki ta gane cewa ita ma jiran ƙarar nan ne ke tashinta daga tabarma.

Ta aika a roƙi Abdulmumin ya mayar da motar yadda take. Ya koma Gaya, ya tarar an riga an sare tsofaffin bututun an yi ƙafar benci da su. Maiwada ya lanƙwasa sababbi, ya gwada, ya rage, ya sake gwadawa. Motar ta yi ƙara, amma ba waccan ba ce.

Bayan ta fita takaba, Bilki ta ɗauki 'yarta ta koma gidan iyayenta a Kademi. A motar haya suka tafi.