Hoton Bara

Tela ya tsaya a bakin filin da ke bayan layinsu, kyamarar maƙwabcinsa rataye a wuyansa, yana kallon siminti. Kwana uku ke nan da aka daɓe wurin don ajiye motoci, kuma ba wanda ya iya faɗa wa maƙwabcin nasa, mai hoto.

Shekara goma sha ɗaya mai hoto yana durƙuso a filin nan, rani da damina, yana ɗaukar furannin da ko awaki ba sa kulawa. Unguwa ta ce ya taɓu, ita da ba ta taɓa sunkuyawa ta dubi komai ba sai abin da ya faɗi daga aljihun wani. Yanzu ƙafa ta kumbura, numfashi sai da lallashi, shi ne ya aiki tela ya ɗauko masa hoton bana: wani ɗan shuɗin fure da ke buɗewa bayan ruwan fari, ya rufe kafin hantsi ya dubi ludayi.

Tela ya taɓa yin jinyar matarsa har ya binne ta, ya san abin da ake ba majinyaci idan magani ya gaza. Ya laluba cikin kyamarar ya samo na bara, ya shiga da shi.

Ɗakin na warin man zafi. Mai hoto ya sa ɗiyarsa ta tallafo shi, ya kai allon kyamarar dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa.

"Malam tela," ya ce, "wannan tururuwar da ke kan ganye, bara ma nan na bar ta. Ba ta gaji ba?"

Tela ya ce tururuwa ai duk kamarsu ɗaya. Mai hoto ya yi dariyar da ta koma tari, ya ce shekara talatin yana sa rigunan da tela ya rantse sun yi masa daidai, amma wannan ɗinkin ya fito fili.

"Sun daɓe?"

"Sun daɓe."

"To je ka ɗauko abin da ke wurin. Ba na tsallake shekara."

Tela ya koma. Ya durƙusa yadda ya saba ganin mutumin na yi, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗauki siminti da sawun taya.

Tun daga ƙofar gida ya ji kukan ɗiyar. Ya cire takalmansa ya shiga, ya ajiye kyamarar a gefen matashi, allon na fuskantar gado. Simintin ya ɗan jima yana haske, sannan allon ya mutu da kansa.