Babin da Ya Rage wa Malam Ilu

"Ku matsa masa ya sha iska mana, ko so kuke ku ƙarasa shi?"

Daga bakin ƙofar shagon na faɗi haka, da allura a hannuna, amma ba wanda ya yi ko gezau. Ɗakin cike yake maƙil, gwiwa na gugar gwiwa, hayaƙin gawayi ya turnuƙe. Malam Ilu na kwance a lungu yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage, su kuwa wai dubiya suka zo. Modu, yaron wani Balarabe a Dandalin Turawa, yana tsugune yana dafa shayi da ragowar ganyen gidan ubangidansa, sauran sun zuba wa butar ido.

"Haba Baba Jatau," in ji Malam Ilu da ƙyar, "baƙi ne fa. Ya za a yi in kore su?"

Wannan maganar na sha jin ta har ta ishe ni.

Ni maɗinki ne, a nan Soron Ɗinki aka haife ni. Zauren da nake aikin riga yana kallon shagunan da Goni Kyari ya gina wa ɗalibansa na nesa, don haka a kan idona Malam Ilu ya sauka, shekarar da jirgin ƙasa ya fara kwasar gyaɗa. Daga wani ƙauye yake a ƙasar Ɗambatta. Mahaifinsa ne limamin garin, ya tsufa, ido ya tafi, sai mutanen garin suka turo ɗan ya karanta babban littafin fiƙihu a gaban Goni, in ya sauke ya koma ya karɓi limanci. Damina biyu aka yanka masa. Ya ninka su har ya ɗora.

Ba daƙiƙi ba ne, Goni da bakinsa ya ce ya jima bai ga mai kai irin nasa ba. Abin da ya cuce shi shi ne bakinsa da daɗin hira, fuskarsa kuma ba ta iya ɗaurewa. Ga shi an haɗa shi ɗaki da Ɗantani da Sule. Ɗantani littafinsa ɗaya tun zuwansa, takardar farko ta yi baƙi ƙirin da dauɗar hannu, sauran fes kamar yau aka rubuta. Sule kuwa in kana son sanin gidan da ake suna daga Shahuci har Goron Dutse, shi za ka tambaya. Su suka mayar da ɗakin majalisa, suka jawo Modu da butarsa, Modu ya jawo duk wani zauna-gari-banza da ke unguwar.

Malam Ilu zai dawo daga darasi ya buɗe littafi zai yi bita, sai ka ji sallama. Wannan ya ce a raka shi ɗaurin aure, wancan ya ce a zo a sasanta shi da wansa, wani kuma labarin da aka fara jiya yake so a ƙarasa masa. Sai ya rufe littafin. Goni kuwa ba ya ƙara wa ɗalibi karatu sai ya biya na jiya, don haka sai a yi mako a kan takarda ɗaya.

Na taɓa ce wa Malam Ilu ya sa sakata. Ya ce, "Baba Jatau, in na rufe ƙofa cewa za a yi ɗan ƙauye ya shigo birni ya yi girman kai. Ni baƙo ne, mutane ne gatana."

Gata! Gatan da ba ya zuwa sai ya ga hayaƙi.

A haka dai ya lallaɓa har ya kai babin ƙarshe, na rabon gado, 'yan takardu ne suka rage, sai tari ya kwantar da shi. A kwancen ne kuma saƙo ya zo daga gida cewa tsohon ya yi nisa, in bai zo da sauka ba kafin ruwan shuka za a ba wani limancin.

Ranar nan da na yi musu tsawa, da aka fita sallah Malam Ilu ya riƙe mini gefen riga.

"Baba Jatau, ka roƙar mini Goni. Zama ɗaya ya ishe ni, wallahi na iya shi a kaina, a gabansa kawai nake so in biya ya sa mini albarka."

Na je. Goni Kyari, wanda ko hakimi ya aiko sai ya ga dama yake amsawa, ya ce washegari bayan azahar da ƙafarsa zai zo. Abin takaici, Sule yana rakuɓe a zauren yana jin mu.

Kafin Goni ya iso, takalma sun cika ƙofar shagon har cikin lungu. Mutanen da ba su taɓa zama gaban Goni ba duk sun sha wanka sun zo ganin banza. Aka buɗa masa hanya ya zauna kan buzu kusa da maras lafiya. Malam Ilu ya jingina da bango, littafin a kan cinyarsa, yatsansa a kan layin da aka tsaya.

Aka fara gaisuwa, kowa sai ya durƙusa ya yi tasa daban. Da aka gama, Malam Ilu ya ce, "Allah gafarta Malam, mun tsaya ne a..."

"Haba Malam Ilu!" Ɗantani ya katse shi. "Bari Goni ya jiƙa maƙoshi mana. Karatu ai ba guduwa zai yi ba."

Modu ya miƙo shayi, yana bayanin cewa a gidan Larabawa sai an sha sau uku ake tashi. Wani ya ce ya yi mafarkin raƙumi, yana son fassara. Wani ya kawo ƙarar surukarsa. Na kasa daurewa, na ce kowa ya fita, majinyaci karatu zai yi. Suka dube ni kamar na zagi iyayensu. Goni ma, da yake shi ma mai kunya ne, sai ya ce, "Bar su, Jatau, zumunci ne ya kawo su."

Da ƙyar ya samu ya ce Malam Ilu ya biya. Malam Ilu ya karanta layi ɗaya, bai kai na biyu ba wasu suka sake yin sallama, aka koma gaisuwa daga farko. Ana cikin haka ladan ya kira la'asar, Goni kuwa shi ne liman, bayan sallah kuma ga masu jiran darasi a gida. Ya miƙe ya dafa kan Malam Ilu.

"Gobe da hantsi, in sha Allahu. Mu biyu kawai."

"To, Allah ya kai mu," in ji Malam Ilu. Na ga hawaye a idonsa, ni kuwa ji nake kamar in cinna wa shagon wuta da su a ciki.

Da safe na leƙa da koko, na same shi shi kaɗai, rai ya yi halinsa. Ɗantani da Sule sun tafi suna a Shahuci tun da sanyin safiya, kada waina ta ƙare. Goni ya zo da hantsi kamar yadda ya alkawarta, ya tarar da ni ina ɗinka likkafani. Ya daɗe tsaye da sandarsa, sannan ya ce, "Da na bar ka ka kore su."

Jana'iza ta cika, har ana mamaki. A shagon aka yi zaman makoki, wato majalisar ta ci gaba ke nan, sai dai yanzu an sami hujja. Da kunnena na ji Ɗantani yana cewa, "Allah ya jiƙan Malam Ilu, mutum ne na mutane. Sai dai gaskiya karatu bai dame shi ba. Shekara nawa a littafi ɗaya?"

Ana wannan zaman wan Malam Ilu ya iso daga ƙauye, wani manomi dogo mai kaushin hannu. Bayan ya gama kukansa ya jawo ni gefe.

"Baba, tsoho ya ce in tambaya. Ya sauke?"

"Saura kaɗan ne," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya shiga ya tattara kayan ƙanensa, tabarma da buta da riga biyu. Takardun littafin ya same su zube a kan wundi, ya haɗa su a hankali, ya duba ko'ina bai ga bangon fatar da ake rufe su ba. Can ya hango shi a hannun Modu, yana fifita gawayi da shi.

Bai karɓe masa ba. Ya tsaya a gefe rungume da takardun a ƙirjinsa, yana jira ruwan ya tafasa.