Sandar Sauraro

Idan rana ce ta cuci mutum, a kan wa zai rama? Mai Fanka ya shekara goma sha ɗaya yana juya wannan tambaya a rumfarsa ta gyaran fanka. Da ya rasa amsa, sai ya juye fushin duka a kan ƙanen matarsa.

A da, shi ke kula da babbar taransifoma a tashar rarraba wutar lantarki. Yana da wata sandar katako da yake dafa bakinta a jikin ƙarfen, ya kara ɗaya bakin a kunne, ya ji lafiyar inji tun allurar ma'auni ba ta motsa ba. Wata rana da hantsi kukan taransifomar ya koma gurnani. Ya ruga ya ce a kashe layi. Ƙanen matar tasa, sabon injiniya a lokacin, ya dubi allurori ya ce lafiya lau. Kafin azahar ta kama da wuta. A gaban kwamiti injiniyan ya rubuta cewa sakacin mai kula ne. Da Mai Fanka ya ce, "Murya ta canza," aka bushe da dariya, aka sallame shi.

Sai daga baya ya karanta a wata tsohuwar mujalla cewa kwana biyu kafin gobarar, rana ta yi aman wuta, kuma irin wannan aman in ya iso duniya yakan cusa baƙuwar wuta cikin dogayen wayoyi, ta dafa inji daga ciki. Ya kai musu shafin. Ba wanda ya karanta.

Yau ga rediyo na ta shelar cewa rana ta sake yin aman, zai iso gobe. Sai ga injiniyan, wanda yanzu ake kira Manaja, ya sunkuyo cikin rumfar yana gumi.

"Yaya, barka da aiki."

"A'a, ranka ya daɗe! Fankarka ce ta mutu, ko ɓatan hanya ka yi?"

"Yaya, allurorinmu ba sa ganin abin nan sai ya yi ɓarna. Ka zo gobe ka saurara mana."

"Da sanda? Sandar da ta ba ku dariya?" Ya ci gaba da naɗa waya. "Taransifomar ta ƙone a hannunka, duniya ta san ba ni ba ne."

Manaja ya juya ya fita. Mai Fanka ya ji wani sanyi a ransa, kamar ya sha ruwan randa.

Matarsa ta kawo masa abinci, ta dire kwanon da ƙarfi.

"Maigida, ba roƙonka na zo yi ba, ƙanena ya ci amanarka. Amma in ta ƙone, wa kake zato zai rubuta wa sakaci? Kansa?"

Ya ajiye lomar da ya ɗauka. Ya san mai kula da injin yanzu, wani dattijo mai ɗingishi da ke gaishe shi a hanya. In ya zauna, za a yanka dattijon da wuƙar da aka yanka shi. In ya je ya ceci injin, ba abin da zai ƙone, shaidarsa ta bi ruwa, Manaja ya sha yabo. Ko ta ina, ba riba.

Sai wata dabara ta faɗo masa, ya yi murmushin da matarsa ba ta so.

Washegari da hantsi ya zaro sandar daga bayan tarin fukafukan fanka, ya goge ƙurarta, ya nufi tashar. Ma'aikata suka taru. Ya dafa sandar a jikin taransifoma, ya saurara, ya ji gurnanin ya fara tasowa can ƙasa.

"Zo nan, ɗan boko. Durƙusa. Sa kunnenka."

Manaja ya durƙusa cikin tsakuwa da farin wandonsa.

"Me ka ji? Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Murya ta canza, Yaya."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Fanka ya bar shi a durƙushe har ya ƙirga goma sha ɗaya a zuci, sannan ya juya ga dattijon.

"Kashe layin."